Kunfun Ranar Alhamis: A Bar Yara Su Je, Amma da Sharaɗi

 

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne maganar wasan kunfu da waɗansu ɗalibanmu suke zuwa koyo kowace Alhamis bayan La'asar, ranar da ba mu da karatu. Maganar ta yi yawa a zaure da ƙofar masallaci, har ta shiga cikin gida wurin iyaye mata. Wasu na cewa a hana yara, wasu na cewa a ƙyale su. Ni nawa ra'ayi shi ne a bar su su je, amma da sharaɗi. Zan kawo dalilaina, kuma ba zan ɓoye muku inda abin yake da illa ba, don amanar 'ya'yanku tana wuyanmu.

Ba da daɗewa da fara wasan ba, wani dattijo mutumin wajen Kebbe, wanda jikansa ke zaune nan Tambuwal wurin gwaggonsa don karatu, ya same ni bayan sallar Azahar ransa a ɓace. Ya ce, "Allah gafarta Malam, karatu munka kawo yaro ko faɗa? Yat tai gida hutu, yash shuri ƙanenai ga baki har haure guda yah hita. Wai kunfu shika gwada mai." Na ce, "Baba, gaskiya gare ka, ban ga laifinka ba. Amma ka ba ni mako biyu in bincika kafin ka cire shi."

Da na kira yaron na tambaye shi sau nawa ya je filin, ya ce sau uku. Na ce can aka koya maka shurin? Sai ya sunkuyar da kai, ya ce a'a, har yanzu tsayuwa kawai ake koya musu, shurin a wayar abokinsa ya gani cikin fim ɗin Canis. To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Muna yara mukan tara 'yan kuɗinmu mu shiga gidan bidiyo mu kalli Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li, mu fito muna ihu muna shurin iska har mu yaga wanduna. Abin da ba a nuna mana ba shi ne shekarun da ke bayan wannan tsalle. Jet Li tun yana ɗan shekara 8 ya shiga horo a Beijing, ya yi shekaru yana cin gasar ƙasar Sin kafin a sa shi cikin fim ɗin Shaolin na 1982. Jackie Chan shekara 10 ya yi a makarantar kwana a Hong Kong ana ba shi horo tun daga safe har dare, kuma duk da haka ya taɓa faɗowa daga kan itace wurin ɗaukar fim, ƙoƙon kansa ya fashe sai da aka yi masa aiki. Sauran abin da kuke gani kuwa, akwai igiya da ake ɗaga mutum da ita, akwai katifa a ƙasa, kuma wanda kuka ga an doke ya faɗi, biyan sa aka yi ya faɗi.

Ita kanta kalmar kunfu, a harshen Sinawa ma'anarta gwanintar da mutum ya samu bayan ya daɗe yana shan wahala a kan abu. Mai dafa abinci yana iya samun ta, maƙeri ma haka. Alaramman da ya zauna ya rubuta izu sittin da ka, in Basine ya gan shi, cewa zai yi wannan yana da kunfu. Wasan faɗan kansa sunansa wushu, yana da ƙungiya ta duniya tun 1990, kuma an sanya shi cikin wasannin Olamfik na matasa da aka tsara yi a Dakar ta ƙasar Senegal a 2026. Wato tun daga sunan abin an gaya mana cewa sai da lokaci, sai da juriya.

Wasu sun ce mini wasan masu bautar gumaka ne. Gaskiya ne gidan ibadar Shaolin, wanda aka gina a shekara ta 495 a lardin Henan, na mabiya addinin Buda ne, kuma ya yi suna da wannan wasa. Amma akwai abin da da yawanmu ba mu sani ba. A ƙasar Sin akwai Musulmi miliyoyi, daga cikinsu akwai al'ummar Hui, kuma suna cikin manyan gwanayen wushu. Salon da ake kira Chaquan a hannunsu ya shahara, haka ma wani tsarin shuri da ake kira Tantui, wanda suke yi layi goma. Har sukan ba da labarin cewa da farko layi 28 ne, adadin baƙaƙen Larabci, daga baya aka taƙaita shi. Ɗaya daga cikin mashahuransu shi ne Wang Ziping, Musulmi mutumin Cangzhou, an haife shi a 1881. Bayan ƙarfin da ya yi suna da shi, maɗori ne, mutane na zuwa wurinsa a Shanghai yana gyara musu karaya da targaɗe. Ya rasu a 1973 yana da shekara casa'in da 'yan kai, shekarar da Bruce Lee ya mutu yana ɗan shekara 32. Ku duba ku gani, wanda ya fi kowa sanin yadda ake karya ƙashi, ya ƙare rayuwarsa yana ɗora ƙashi.

Don in cika alkawarin da na yi wa dattijon nan, Alhamis biyu a jere na je filin da kaina. Mai koyar da su wani matashi ne da ya koyo a Sakkwato. Ban ga ana dukan kowa ba. Da farko sukan zagaya filin da sassarfa har jiki ya yi ɗumi, sannan su miƙe jijiyoyi a hankali. Daga nan sai tsayuwa. Tsayuwar asali guda biyar ce, babbarsu ita ce zaman doki: ka buɗe ƙafafu, ka lanƙwasa gwiwa kamar kana bisa sirdi, bayanka a miƙe, hannuwa a dunƙule a ƙugu. Sai tsayuwar baka, ƙafar gaba a lanƙwashe, ta baya a miƙe. Bayan wannan ne ake koya musu naushi da shuri a iska, ɗaya bayan ɗaya, sannan a haɗa su cikin jeri wanda yaro zai haddace ya yi shi kaɗai daga farko har ƙarshe.

Na ga abin kamar ba wuya, na tuɓe babbar riga na ce bari in gwada zaman dokin. Kafin yara su ƙirga talatin cinyoyina sun kama rawa kamar mazari, ɗalibaina na ta danne dariya. Kwana biyu ina jin abin a jikina duk lokacin da na yi ruku'u. A nan na gane wanda ya iya jure wannan mako bayan mako, ba ƙaramin haƙuri ya koya ba.

To, yanzu ga tambayar da na fi son ɗalibai su saurara. Zuwa sau ɗaya a mako ya isa mutum ya ci gaba? Amsa ita ce bai isa ba. Ku kun fi kowa sanin wannan. Ɗalibin da aka biya wa allo ranar Asabar, ya jingine shi bai sake taɓa shi ba sai wata Asabar, me zai kawo wa malam? Ranar Alhamis ranar ɗaukar darasi ce da gyaran kuskure. Tilawar tana gida. Minti goma sha biyar bayan sallar Asuba, a tsakar gida ko bayan ɗaki, ka miƙe jiki, ka yi zaman doki, ka maimaita jerin da aka ba ka. Jijiyar da aka miƙe yau, in aka bar ta kwana shida, komawa take yi yadda take. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na kamar minti 60 kowace rana. Mai zuwa gona da ɗebo ruwa da tuƙa keke ya riga ya sami rabo mai yawa daga ciki, sai ya ɗora wannan a kai. Kuma mun karanta a hadisi cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko kaɗan ne, shi ya fi soyuwa wurin Allah. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Abu na biyu, ci gaba ba ya tafiya da sauri iri ɗaya. Watannin farko yaro zai ga canji a fili: numfashinsa ya ƙaru, ƙafarsa ta fara tashi sama, ciwon jiki ya ragu. Daga nan sai abin ya tsaya cik, ya yi wata biyu yana ganin kamar bai gusa ba. A nan ne mafi yawa suke gudu. Ranar da aka buɗe filin nan ba masaka tsinke, yanzu waɗanda suka rage ba su kai rabi ba. Mu ma haka muke gani a nan. Yaro yakan ruga da ƙananan surori, in ya shiga dogaye sai ya ce kansa ya toshe. Kansa bai toshe ba, karatun ne yake zama. Wanda ya daure ya wuce wannan wuri shi ke sauka.

Abu na uku, ba a tsallake mataki. Ba wanda ya taɓa fara farfaru bai san babbaƙu ba, ba kuma wanda aka ɗora wa Risala bai karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya ba. Kolo sai ya zama titibiri kafin ya zama gardi. Wasu yara sun zo mini da ƙorafi wai wata huɗu ba a ba su ɗamara mai launi ba. Ku sani kunfu na asali ba shi da wannan ɗamara. Daga wasan judo na Japan ta samo asali, wanda wani malami mai suna Jigoro Kano ya kafa a 1882, kuma kada sunan ya ruɗe ku, ba Bakano ba ne. Ita ƙasar Sin sai a 1998 ta fito da nata tsarin daraja mai hawa tara. Ɗamara ƙyalle ce, tela ma yana iya ɗinka maka baƙa gobe.

In kana son ka san ko ka ci gaba, ga ma'auni huɗu. Na farko, zaman dokin da kake yi zuwa ƙirga ashirin, yanzu ka kai nawa ba tare da ka karkace ba? Na biyu, kana iya yin jerinka daga farko har ƙarshe ba ka saci kallon na kusa da kai ba? Na uku, Alhamis nawa ka yi fashi a wata uku? Na huɗu kuwa ba kai za ka amsa ba, mahaifiyarka da ƙannenka za a tambaya: fushinka ya ragu ko ya ƙaru? Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa ƙarfi na gaskiya yana ga wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, ya fi mai yawan kayar da mutane. Duk wanda ya ci uku na farko ya faɗi na huɗu, to baya ya ci.

Wani malami abokin aikina ya ce, muna da kokawa da dambe, me ya kai mu ga na Sinawa? Maganarsa abin dubawa ce. Kokawa tamu ce, da kaka ake yin ta a garuruwanmu, ana yin ta a bikin kamun kifi na Argungu, maƙwabtanmu na Nijar kuma tun 1975 suke gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa. Ya zo a littattafan hadisi da sira cewa Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tsere da Nana A'isha. Kafin yaƙin Uhudu, Samura ɗan Jundubu da Rafi'u ɗan Khadiju suna samari sun yi kokawa a gabansa. Wanda ya sami mai koya masa kokawa mai tsabta, ba laya ba caca, madalla. Amfanin kunfu shi ne ana iya yin mafi yawansa mutum shi kaɗai, kowane lokaci na shekara, ba tare da an taɓa kowa ba, kuma siririn yaro da ba zai shiga fagen kokawa ba yana da wuri a cikinsa. Wasan da aka aro ma yana kai mutum nesa in ya riƙe shi da gaske: Abdurrazak Alfaga na Nijar, da wasan takwando na Koriya ya ci lambar azurfa a Olamfik na Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017.

Yanzu ga inda tsorona yake, kuma ina roƙon iyaye su buɗe kunne. Duk mun san halin rashin tsaro da ƙauyukanmu suka shiga, musamman wajen Kebbe. Na ji wani yaro yana cewa in ya ƙware zai tari ɓarayin daji. Ɗana, kunfu ba ya tare harsashi. A shekarar 1900 dubban 'yan wasan faɗa a arewacin Sin sun tashi yaƙi da Turawa, an gaya musu cewa tsafin da suke yi zai hana bindiga kama su. Bindiga ta kama su, aka karkashe su, sojojin ƙasashe takwas suka shiga Beijing. Malamin kunfu na ƙwarai abin da zai fara gaya maka shi ne in ka ga makami ka nemi hanyar tsira. Haka nan duk wanda ya ce zai haɗa maka da maganin ƙarfe ko layar ɓata, ko ya miƙo maka ƙwaya wai don kada ka ji gajiya, ka guje shi ka gaya wa mahaifinka. Ba banza ba gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma mun ga abin da tiramol ya yi wa samari. Sannan akwai masu neman majiya ƙarfi lokacin siyasa. Yaron da ya koyi naushi ba tarbiyya, su ya yi wa aiki.

Saboda haka ga sharuɗɗan da nake ganin ya kamata mu tsaya a kansu, mu malamai da ku iyaye.

Na ɗaya, uba ya san mai koyarwa, ya san gidansu da halinsa, ya kuma riƙa leƙa filin ba tare da sanarwa ba. A yi wasa a fili inda kowa ke gani.

Na biyu, a fara bayan an sallaci La'asar, a tashi kafin kiran Magariba. Wanda haddarsa ta ja baya a dakatar da shi har ya gyara.

Na uku, a rufe al'aura, wando ya wuce gwiwa. Ba a sunkuya wa kowa kamar mai ruku'u. Gaisuwar 'yan kunfu ita ce a dunƙule hannun dama a rufe shi da tafin hagu, alamar ladabi ya lulluɓe ƙarfi, kuma mun yi magana da mai koyarwa cewa sallama ta wadatar.

Na huɗu, ba dukan fuska, don an hana mu shi. Ba a haɗa yara gwajin faɗa sai sun daɗe, sai da kayan kariya, sai kuma malaminsu yana tsaye. Wanda ya gwada a kan ƙanensa ko ɗan ajinsu, a kore shi wata guda.

Na biyar, lafiya. Mai sikila ko asma ko ciwon zuciya kada ya fara sai an tambayi likita. Lokacin bazara, da zafi kan wuce awo 40 a ƙasarmu, a rage wasa a yawaita shan ruwa. Da hunturu a daɗe ana ɗumama jiki kafin a miƙe jijiya. Ciwon nama na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma ciwon gwiwa ko gaɓa da ya ƙi tafiya, a tsaya a duba shi. Iyaye mata kuma a taimaka da wake da gyaɗa da nono, don jiki da abinci da barci yake ginuwa.

Na shida, 'yan mata ma jikinsu yana da haƙƙi a kansu. In an sami mace mai koyarwa da wuri killatacce, ban ga abin da zai hana su ba.

Da mako biyu suka cika dattijon nan ya dawo, na gaya masa abin da na gani. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, in dai kuna sa ido, a bar shi. Amma ranar da yas sake taɓa wani, ni da kaina ka zuwa in ɗauke shi." Na ce na yarda. Yaron ya je ya ba ƙanensa haƙuri, kuma ladan da yake samu na 'yan aikace-aikace shi ya tara ya saya masa takalmi. Yau wata biyar ke nan. Zaman dokinsa ya wuce ƙirga ɗari, an fara ba shi jeri na biyu, gwaggonsa kuma ta ce yanzu ba a tashin sa sallar Asuba, shi ke tashin mutane. Ban ce ya gama shiryuwa ba, yaro ne, kuma idona yana kansa. Haƙorin da ya fita kuwa, Allah Ya sa na yarinta ne, wani ya tsiro.

Ya ku iyaye, ƙarfin da ke jikin yaro sai ya sami inda ya zuba shi. In ba mu nuna masa fili ba, waya da majalisar banza za su nuna masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma ɗalibai, wanda ya ga zai iya, ya nemi izinin mahaifinsa, ya je da niyyar shekaru, kada ya je da niyyar mako uku.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya kawo mana zaman lafiya a Tambuwal da Kebbe da ƙasa baki ɗaya, amin. Wanda yake da wani ra'ayi daban, ƙofar mujalla a buɗe take, ya rubuto da ajami ko da boko. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.